Kwana Uku a Zariya Ba Tare da Cin Bashi Ba

 

Ga kaka ta yi. An karye masara, an yanke dawa, auduga ta tafi ma'auna, masu waken soya sun sheƙe sun ɗura a buhu. Tun daga Funtuwa har Bakori, Danja, Ƙafur da Malumfashi, maigida ya sami sararin zama majalisa. To, ke fa, uwargida? Tun faɗuwar ruwan farko ki ke dafa abincin 'yan ƙwadago, ga surfe, ga tankaɗe, ga goyo, ga wanki. In aka tambaye ki yaushe rabonki da fita garin nan, sai ki ce tun bikin wance, ko tun rasuwar wane, ko tun ran da aka kai yaro asibitin Shika. Watau mu mata ba mu tafiya sai don biki, ko makoki, ko ciwo. Yau ina so mu yi shawara a kan tafiya ta huɗu, ita ce ta hutawa da buɗe ido.

Na san abin da za ki ce mini. Za ki ce ina kuɗin? Gaskiyarki. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, kayan masarufi kuma suka bi sahu. Amma fa tafiya ba ta masu kuɗi kaɗai ba ce. Abin da ke sa ta tsada abu uku ne: nisa, da rashin shiri, da son a gani. In kika kauce wa waɗannan, 'yan kuɗin adashinki sun kai ki sun komo da ke.

A ƙasar Jamus ma, inda mu ke zato kowa attajiri ne, mai ƙaramin ƙarfi ba ya cewa sai babban birni. Ya kan zaɓi ƙaramin gari na bakin kogi, kamar Koblenz, inda kogin Mosel ya haɗu da kogin Rhine, ya yi kwana biyu yana yawo da ƙafa, ya koma bakin aikinsa. A watan Mayu 2023 hukumarsu ta fito da tikiti guda na wata, Yuro 49 a farkonsa, wanda mutum zai shiga ƙananan jiragen ƙasa da motocin haya na cikin gari a ko ina cikin ƙasar. Mu ba mu da irin wannan tikiti, amma muna da abin da su ba su da shi, watau dangi a ko wane gari, da rumbu a bayan ɗaki. Kuma muna da namu garin na bakin kogi nan kusa da ƙofa, shi ne Zariya.

ME YA SA ZARIYA?

Da farko dai kusa ne. Daga Funtuwa zuwa Zariya bai kai kilomita 80 ba, mota guda ce, ta Giwa da Shika. Na biyu, da wuya ki rasa wanda kika sani can, gama har shekarar 1987, sa'ad da aka ƙirƙiro Jihar Katsina, mu da su jiha ɗaya mu ke, auratayya da fatauci kuwa sun girmi haka nesa. Kakanninmu ma ta jirgin ƙasa su ke zuwa, bisa dogon da aka ja daga Zariya ya biyo ta Funtuwa da Gusau, ya isa Ƙauran Namoda a 1929. Na uku, yawancin abin kallon garin ba a biyan ko kwabo kafin a gan shi.

Kada ki ce Zariya gari ne mai hayaniya. Lalle a Kwangila da PZ da kasuwar Sabon Gari akwai ƙugin motoci. Amma ki shiga lungunan Birni da hantsi, ko ki nufi Wusasa, ko ki zauna bakin ruwa da la'asar, sai ki ji shiru kamar a ƙauye. Kogin Kubanni ya ratsa garin, ya biyo ta Samaru ya raba Sabon Gari da Tudun Wada, kāna ya faɗa cikin Galma ta gabas. Galma ta zuba a kogin Kaduna, shi kuma ya zuba a Kwara. A 1885 wani Bajamushe mai suna Paul Staudinger ya taso tun daga Loko ta bakin Binuwai, ya biyo ta Keffi, ya yi kwana da kwanaki a hanya kafin ya ga ganuwar Zazzau. Mu ga mu nan, tafiyar da ba ta wuce awa biyu ba in hanya na da kyau, amma da yawanmu ba su san Zariya ba sai ta tagar mota.

YADDA ZA KI RABA KUƊIN

Kafin ki yi lissafin kome, ki aiki yaro tasha ya tambayo kuɗin mota na ranar, domin farashi ba ya zama wuri ɗaya. Sa'an nan ki kawo abin da kika tara, na adashi ne ko na asusu ko na 'yar sana'arki, ki kasa shi kashi 10. Kashi 3 na mota ne, zuwa da komowa. Kashi 1 na Keke Napep a cikin gari. Kashi 2 na cefane, wanda za ki taimaka wa mai masaukinki da shi. Kashi 2 na tsaraba. Kashi 2 da suka rage na ko-ta-kwana ne, ba a taɓa su sai ciwo ko lalacewar mota. In kika ga kashi ukun nan bai isa kuɗin mota ba, to, lokaci bai yi ba tukuna. Ki jira kwasar adashi ta gaba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kuɗin komowa kuwa ki ƙulle shi dabam a bakin zane ko a lalita, ki manta da shi. Ba da ka na ke faɗin wannan ba. Zuwana na farko, ina 'yar makaranta, na shiga kasuwa na ga kwanuka da mayafai, na yi ta saye ina cewa wannan na Inna ne, wannan na Yaya ne, har na wayi gari ran komowa ba ni da kuɗin mota. Tilas na buɗe baki na roƙi matar da ta sauke ni. Ta ba ni, ba ta ce kome ba, amma har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni. Tsarabar kuwa ko wata ba a yi ba an manta da ita.

Masauki shi ne ya kan cinye kuɗin matafiyi. Ke dai ki nemi gidan 'yan'uwa ko na aminan arziki. Amma kada ki faɗo musu kamar ruwan bazara. Ki buga waya tun da saura mako guda, ki faɗi ranar zuwa da ranar komowa da yawan mutanen da ke tare da ke. Mutanen birni da awo su ke ci, ba su da rumbu. Saboda haka ki auna musu masara ko dawa kwano biyar ko shida, ki ƙulla busasshiyar kuɓewa da barkono da daddawa, in da hali ki haɗa da kwalbar man gyaɗa. Wannan a gare ki ba kuɗi ne ya fita ba, a gare su kuwa ya fi turmin atamfa. Kwana biyu ya isa, ran na uku ki yi sallama. Baƙo raɓa ne.

Guzuri kuma daga gida za ki yi shi. Dambu, da ƙuli-ƙuli, da soyayyar gyaɗa, da dakuwa, da gumba, duk ba su lalacewa da wuri. Ki cika gora da tafasasshen ruwa. Abin da yara za su sa ki kashe a tasha wajen tsire da lemon kwalba ya isa kuɗin Keken yini guda.

MAGANAR MAIGIDA DA HANYA

Ba sai na faɗa miki ba, ba a fita sai da yardar maigida. Amma akwai dabarar tambaya. Kada ki tare shi da maganar yana shigowa da yunwa. Bari ya ci ya sha, sa'an nan ki kawo masa shirin a kammale: ga gidan da za a sauka, ga ranar tafiya, ga ranar komowa, ga wadda za ta riƙe girki, ga kuɗin kuma na tara. Namiji ya fi saurin yarda da abin da ya ga an auna shi. In zai raka ku, madalla. In ba hali, ya haɗa ku da ƙanenki ko babban ɗa.

Ba zan ɓoye miki ba, shekarun nan ƙasar Giwa da ƙauyukanmu na yamma sun sha fama da 'yan bindiga. Don haka tafiyar rana kawai za ki yi. Ki tashi bayan gari ya waye sarai, ki komo kafin la'asar. Ki shiga mota a cikin tasha, inda 'yan kamasho suka san direba, kada ki tare ta bakin titi don neman rangwame. Daren da za ki tashi, a tambayi direbobin da suka biyo hanyar halin da ta ke ciki. In aka ce ba lafiya, ki fasa, Zariya ba inda za ta. Ki riƙe katin shaidarki, ki cika wayarki da caji, ki bar zinariya da manyan sarƙoƙi a gida.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne hutun makaranta na watan Disamba. Ruwa ya ɗauke, hatsi na gida, yara ba karatu. Sai dai ki ɗauki bargo da rigunan sanyi da man shafawa, gama hunturun Zariya ba ya wasa. Da Salla akwai hawa mai ƙayatarwa, amma kuɗin mota ya kan hau, gidaje kuma cike su ke da baƙi. Mai neman hutu da arha ta kauce wa wannan lokaci.

RANA TA FARKO: BAKIN RUWA

In kin isa, ki gaisa, ki miƙa tsaraba, ki huta. Kada ki ce za ki zaga gari yau. Da la'asar sakaliya ki ce a raka ki bakin kogi mafi kusa da masaukinku. In kuna Tudun Wada ko Sabon Gari, ga Kubanni nan. In kuna gabashin gari, ta wajen hanyar Jos, Galma ce. Da rani ruwan ya kan ja baya, masu lambu su bi fadama da tumatir, da albasa, da kabeji, da karas, da latas, da rake. Ki sami inuwa ki shimfiɗa ɗankwali, ki zauna ba tukunya a gabanki, ba mai kiran sunanki. Ki dubi balbelu suna komawa makwanci. Wannan zaman shi ne rabin abin da kika zo nema.

Amma gargaɗi biyu. Kada ki bar yara su shiga ruwan, domin ruwan da ya ratsa gari ya kwaso ƙazanta, kuma a irin ruwan nan mai kwanciya a ke ɗaukar tsargiya. Kayan lambun da kika saya kuma, ko da ya ke sun fi na kasuwa arha, a wanke su sosai da ruwa mai tsabta kafin a ci.

RANA TA BIYU: CIKIN BIRNI

Ki yi sammako, ki hau Keke zuwa Ƙofar Doka, daga nan ki taka da ƙafa gwargwadon ƙarfinki. Ki nuna wa 'yarki ragowar ganuwa, ki sa ta ƙidaya sunayen ƙofofi: Doka, Kibo, Gayan, Kuyambana, Kona, Bai, Galadima, Jatau, Tukur-Tukur. A nan ne labarin Sarauniya Amina, 'yar Bakwa Turunku, zai fita daga littafi ya tsaya a gabanta. Masana sun saɓa a kan zamaninta, waɗansu sun ce ƙarni na 15, waɗansu na 16, amma an ce ta yi shekara 34 tana yaƙi, kuma har yau a kan kira tsofaffin ganuwoyi da yawa a ƙasar Hausa ganuwar Amina. Sunan garin ma an ce na ƙanwarta ne, Zariya. Ashe ke nan gari ne mai sunan mace.

Daga nan sai ƙofar fada, mai zane-zanen nan masu launi. Gidajen sarautar Zazzau huɗu ne: Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa. Marigayi Sarki Shehu Idris, na gidan Katsinawa, ya yi sarauta daga 1975 zuwa 2020, Sarki Ahmed Nuhu Bamalli na gidan Mallawa ya gaje shi. Ki tsaya inda dogarai suka ce a tsaya, kuma kada ki ɗauki hoton kowa sai kin tambaya.

Kusa da fada ne wurin Masallacin Juma'a, wanda Muhammadu Durugu, da aka fi sani da Babban Gwani, ya gina da ƙasa da azara a zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Bakan gizonsa ya sa magina daga ƙasashe masu nisa suka riƙa zuwa kallo. Ran Juma'a 11 ga Agusta 2023 wani sashensa ya rufta ana sallar la'asar, aka rasa rayuka, Allah ya jiƙansu, daga nan aka shiga shirin sake gini. Ki tambayi mai masaukinki inda aka yarda baƙi su tsaya, ki yi wa mamatan addu'a.

Sa'an nan ki roƙa a kai ki gidan da mata ke ɗinkin hannu. Zariya ta shahara da aikin babbar riga, aska biyu da aska takwas, kuma matan Birni da yawa suna wannan aiki a cikin ɗakunansu, suna samun na kashewa. Ki zauna ki ga yadda a ke bin zane da allura. Wata ma ta komo gida da sana'a. In kin ji Bazazzagiya ta ce "rigan nan" ko "motan nan", kada ki yi dariya, harshensu ke nan, su ma namu ya kan ba su dariya.

A hanyar komowa masauki ki biyo ta Gaskiya. Can ne kamfanin ɗab'in nan da aka kafa a 1945, inda aka daɗe ana buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a watan Janairu 1939, Alhaji Abubakar Imam na editanta. Kusa da nan kuma ga Kwalejin Barewa. Tamu ce tun asali, gama a Katsina aka kafa ta a 1921, ta koma Kaduna a 1938, kāna ta zo Zariya a 1949.

RANA TA UKU: SAMARU, SAI GIDA

Mai sauran ƙarfi da kuɗin Keke ta iya leƙa Wusasa da sassafe, ta ga dutsen Kufena, inda aka yi zama tun kafin Birnin yanzu, da tsohuwar majami'ar da 'yan mishan suka gina da ƙasa bisa fasalin ginin Hausa wajen 1929. A unguwar nan Janar Yakubu Gowon ya tashi. Amma in ɗaya za ki zaɓa, ki zaɓi Samaru. Na bar ta a ƙarshe da gangan, domin a kan hanyarmu ta ke, ba sai kin biya kuɗin zuwa da komowa sau biyu ba.

A Samaru ne Jami'ar Ahmadu Bello ta ke, wadda aka buɗe ran 4 ga Oktoba 1962. Can kuma cibiyar binciken aikin gona ta ke, wadda tushenta ya koma 1922. Irin masarar da maigida ke shukawa mai suna SAMMAZ, da audugar SAMCOT, da dawar SAMSORG, wannan SAM ɗin na farkon sunansu Samaru ke nan. A bayan jami'a kuma an datse Kubanni an yi tafki. Ki nemi ɗalibar da kika sani ta shiga da ku, ki bi ƙa'idar masu gadin ƙofa.

A nan ne na ke so ki riƙe hannun 'yarki da kyau. Kwanan baya na tambayi 'yan ajina, wa ta taɓa ganin jami'a da idonta? Hannu biyu kaɗai aka ɗaga. Yaya yarinya za ta yi kwaɗayin abin da ba ta taɓa gani ba? Ki kai ta ƙofar ɗakin karatu na Kashim Ibrahim. Ki nuna mata gidan kwanan ɗalibai mata mai sunan Amina. Ta ga 'yan mata da hijabinsu, masu magana da harshenta, suna rungume da littattafai, waɗansu da farar rigar koyon likita. Ba sai kin yi mata wa'azi ba, gani ya kori ji. Ran da aka zo ana shawarar ko ta ci gaba da karatu ko a tsaya nan, za ki ga amfanin wannan yini, a bakinta da kuma a naki. Mu da mu ke kuka kullum ba likita mace a asibitocinmu, daga ina za ta fito in ba daga ɗakunanmu ba?

Ku kuma ƙannena 'yan makaranta, ku riƙe ƙaramin littafi da fensir. Ku rubuta sunan ko wace ƙofa da ko wace shekara da kuka ji, da kuɗin da aka kashe tun daga tashar Funtuwa har komowa. In an koma makaranta ku karanta wa 'yan ajinku. Tafiya mabuɗin ilmi ce, amma ga wadda ta buɗe ido da kunne.

TSARABA

Ki saye ta a rana ta biyu da yamma, bayan kin ga abin da ya rage, kuma kada ta wuce kashi biyun nan. Ba dole ne kowa a unguwa ya sami ƙulli ba. Rake da karas na yara, goro ko turare na surukai, hula ko carbi na maigida, shi ke nan. Wadda ta ga ba ki kawo mata ba ta yi fushi, ki ba ta labari, shi ba ya ƙarewa. Kuɗin ko-ta-kwana kuma in Allah ya sa ba a taɓa su ba, kada ki ce riba ce. Ki mai da su asusu, su ne harsashin tafiyar baɗi, ko Katsina ki ga Gobarau, ko Kano ki ga marinar Ƙofar Mata.

Ki bar Samaru da azahar, ki yi la'asar a ɗakinki, ba wanda ke binki ko kwabo. Wadda ta gwada ta rubuto mana yadda ta ƙare, da abin da ta kashe, domin 'yan'uwa su ƙaru. Allah ya kiyaye hanya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya yi wa 'ya'yanmu albarka, amin.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.